LAMBAR DA INNA TA HADDACE

Shafi na 23

Masu bina da saƙo tun shekaranjiya, "ina ci gaba, ina ci gaba," na gan ku. Har da wadda ta ce in na gaji in ba ta labarin ta ƙarasa. Baiwar Allah, kwana uku babu wuta a unguwarmu, a wurin mai caji na tsaya na buga wannan shafin. Kuma masu shirin zagin Muhsin, ku bari ku kai ƙarshe tukuna.

Ga wanda yau ya shigo: Inna Gudiya tsohuwa ce a Karaye ta wajen Jega, 'ya'yanta uku. Muhsin ne babba, direban motar haya tsakanin Jega da Maiyama. Iklima mai ɗinki ce, tana aure a Aliero. Sai autansu Waliyyu, wanda ya tsallaka iyaka haƙar zinariya shekara shida da suka wuce. Ranar da zai tafi, Inna ta ce masa in ya sa ƙafa ya fita kada ya ƙara nemanta. Sau biyu ya kira a shekarar farko, duka ranar Juma'a bayan masallaci, a lambar mahaifinsu Malam Malami, kuma duka biyun Inna ta ƙi karɓa. Malam ya rasu, kira ya ɗauke. Tun daga nan 'yar ƙaramar wayar Malam take ƙulle a bakin zanen Inna, domin ita kaɗai ce lambar da Waliyyu ya sani da ka. Layin ba ya kamawa a gidansu, sai a tudun bayan firamare. Can take shimfiɗa tabarma duk Juma'a, daga saukowa masallaci har la'asar. To yanzu wayar ta ƙi riƙe caji, shi ne Iklima ta taso su Jega a sayi sabuwa.

*

"Inna, ni dai na hwaɗa, a ba ni wayag ga in kai a sake mata batir, kowa shi huta."

Karo na huɗu ke nan Muhsin yana maimaita wannan maganar tun daga Karaye. Yanzu ma da suka tsaya a ƙofar shagon Sabo mai waya, rana ta Laraba ta fara cizo, bai fasa ba.

Iklima ta juyo ta dube shi.

"Batir na nawa, Yaya? Ukku ka sake mata bana. Wayag ga ta mutu, roba ta ar riƙe da ita."

"Ke komi sai kin yi gardama."

"Kai kuma yau komi sai ka hana."

"Kai, ƙyale ta," Inna ta ce, ba ta ko dube shi ba. "Mun riga mun taho."

"Kai" ɗin nan shi ne sunan Muhsin a bakin Inna. Ɗan fari ne, kuma Inna irin matan da ne, shekara talatin da takwas ba a taɓa jin sunansa ya fito daga bakinta ba. In tana nemansa sai ta ce a kira mata direba. In ya ɓata mata rai sai ta ce "wancan."

Sabo ya tarbe su da fara'ar mai shago da ya hango ciniki tun daga nesa. Mutum ne mai tsawo da furfura a gemu, bakinsa ba ya hutawa. Ya ja wa Inna kujera, ya juya mata fanka, kafin ta gama zama ya jera wayoyi uku a kan gilashi.

"Inna, dubi wagga. Kyamara gare ta, ko ƙuda yag gilma sai ta ɗauko shi da ƙahwahunai."

"Mi za ni yi da hoton ƙuda?"

Sabo ya yi dariya ya ture ta gefe.

"To ga wagga. Cikinta hwaɗi gare shi, ki zuba wa'azi, ki zuba karatu, ki zuba hoton jikoki, ba ta cewa ta cika."

"Tana ƙara?"

"Na'am?"

"In anka kira, tana ƙara da ƙarhi? Kunnena guda ya yi nauyi."

"Inna, wagga in tay yi kuka a Jega sai an ji ta har garin Katanga."

Iklima ta tsoma baki, don ta ga in aka bar Sabo sai azahar ta same su.

"Malam Sabo, abu ukku muka so. Mai sim biyu, mai riƙe caji, mai babban rubutu. Guda mu sa layinta na da, guda mu sa sabon layi wanda ka kamawa cikin gida, ta bar hita rana."

"Wane gari?"

"Karaye."

"Gehen kasuwa ko gehen hwadama?"

"Hwadama."

Sabo ya kama haɓa kamar likitan da aka gaya wa ciwo.

"In gehen hwadama kuke, layi guda na ka yi muku aiki. Akwai mai arahar data, shi kowa ka so nan cikin Jega, amma can wurinku ko bisa rudun ajiyar albasa kika hau ba ki samun kara guda. Akwai na biyu, da sahe shina nan, da rana ta yi sai shi ɓace kamar an aike shi. Na ukku tsada gare shi, ban ɓoye muku ba, amma har cikin ɗaka shina kamawa."

"Shi muka so," Iklima ta ce.

Sai ga Muhsin, wanda tun ɗazu yake tsaye a bakin ƙofa yana kaɗa makullin mota, ya matso da sauri.

"Madalla. A sa sabon layi ga sabuwar waya, shi ke nan. Tsohuwa a bar ta yadda take, kada a buɗe ta."

"Yaya, wai mi ad damuwarka da wayag ga? Ta mutu aka ce ma. In ba a hidda sim ba, da mi za a kira ta?"

"Ni ina gyara ta."

"Ka gyara ta sau ukku!"

"Ki rage murya, kasuwa muke."

"Ba ni ragewa!"

Inna ta buga sandarta a ƙasa sau ɗaya, duka biyun suka yi tsit. Ta dubi Sabo.

"Ɗana, gaya mani gaskiya. In anka ɗauke layin Malam anka sa ga wagga sabuwa, lambar ba ta sakewa?"

"Ko kusa, Inna. Lamba ga sim take, ba ga waya ba. Sai dai in tsohon sim na, irin babban nan, sai na yanke gehenai kahin shi shiga."

"Yanke?"

Ta dafe bakin zanenta da hannu biyu. Wallahi in kun ga fuskarta sai ku ce wuƙa aka nuna wa jikanta.

Sai da Sabo ya ɗauko abin yankan ya gwada mata a kan wani mataccen sim, ya rantse ya kuma rantsewa cewa robar gefe kawai ake cirewa, sannan ta yarda. Ta kwance ƙullin a hankali. Ƙulli uku ne. Ta fito da wayar, baƙa, lambobin jikinta duk sun goge, an naɗe ta da jar roba.

Muhsin ya ce, "Bari in duba mota, na aje ta wuri mara kyau."

"Tsaya nan," Inna ta ce. "Mota ba ta gudu."

Sabo ya zare robar, murfin ya faɗo da kansa. Batirin ya kumbura kamar ƙosai. Ya sa farce ya zaro sim ɗin, ya ɗaga shi sama, ya kai hannu zai ɗauki abin yanka, sai ya tsaya. Ya juya shi. Ya sake juya shi.

"Shekara nawa kunka ce layin ga ya yi?"

"Sha biyar," Iklima ta ce. "Tun ina makaranta Baba yas saye shi."

"A'a."

"A'a ƙaƙa?"

"Wanga sim bai yi shekara ukku ba. Dubi, irin mai ɓalle-ɓalle na, da hannu aka ɓalle shi shi koma ƙarami. Shekara sha biyar baya ba a yi irinai ba. Ni ina sana'ag ga tun lokacin."



"Miƙo," Inna ta ce.

Ta karɓa ta kai shi dab da idonta mai gani. Ta lashi yatsa ta goga. Ta juya bayansa.

"Malam ya ɗiga mai jat tawada ga kusurwa, don kada shi haɗe da na kasuwa. Ina tawadar?"

"Ta goge, Inna," Muhsin ya ce da sauri. "Shekara nawa? Ko bango na ai henti shina gogewa."

"Wagga mai sauƙi ta," in ji Sabo, shi bai san abin da yake tonowa ba. Ya ɓalle sim ɗin ya sa a wayarsa ta shago, ya danna 'yan lambobi, ya jira. "Inna, kin san lambar da ka?"

Tambayar ma ta ba ta haushi. Inna ba ta yi boko ba, ko sunanta ba ta iya karantawa, amma Malam ya koya wa duk gidan lambar nan bibbiyu bibbiyu kamar karatun allo. Ta gyara zama ta karanto ta tsaf, ba gargada, ta dire a bakwai, bakwai, huɗu.

Sabo ya dubi wayar. Ya dubi Inna.

"Sake hwaɗi."

Ta sake.

"Inna, wagga ƙarshenta tara, biyu, sihili. Ko kusa ba su yi kama ba. Kamhwani guda na, amma lamba daban ta."

"Wayarka ta al lalace," Iklima ta ce. "Ni duk Juma'a in tana tudu ina kiran Inna tana shiga. Wadda ta wuce ma na kira. Bari ka gani."

Ta zaro tata wayar ta shiga sunaye, ta danna inda aka rubuta "Inna." Shekara da shekaru sunan kawai take dannawa, wa yake tsayawa duban lamba? Yau ta duba.

Tara, biyu, sifili.

Ta tsaya tana kallon wayar. Ita dai ta san ba ta taɓa canza komai ba. Can sai abin ya faɗo mata: ranar sunan 'yarta, shekara biyu da suka wuce, a tsakar gidanta na Aliero, ana ta hidima, Muhsin ya karɓi wayarta ya ce zai tura mata kati. Ya daɗe da ita a zaure. Katin kuwa bai taɓa shigowa ba.

Ta ɗago a hankali.

"Yaya."

Ya kau da kai.

"Yaya Muhsin, da kai nika magana. Ina layin Baba?"

"Mu tahi gida, a yi maganag ga gida."

"Nan za a yi ta. Ina layin Baba?"

Makullin ya faɗi daga hannunsa. Bai sunkuya ya ɗauka ba. Ya durƙusa a gaban kujerar Inna, ƙaton mutum mai 'ya'ya biyar, ya kasa ɗaga kai.

"Inna, ki gahwarce ni."

Ya ci gaba, kansa a ƙasa.

"Lokacin da anka ce kowa shi haɗa layinai da lambar ɗan ƙasa, layin da sunan Baba yake. Baba kuwa ba shi da rai. Sai anka ruhe shi. Kin tuna satin da nic ce maki sabis na ad da matsala, nik karɓi wayar? Na tahi ohis ɗinsu, sunka ce in kawo takardar rasuwa da wasu takardu, a maishe shi da sunana."

"To ka kai?" Iklima ta tambaya.

"Lokacin kwasar albasa na. Mota ba ta tsayawa, daga Aliero sai Jega, daga Jega sai Maiyama. Nic ce sati mai zuwa. Don kada ki zauna ba waya, Inna, nis sawo wani sim nis sa maki, da niyyar in an buɗe wancan in maida. Sati ya zan wata. Da nik koma, sunka ce ya daɗe ruhe, ya hita hannunmu."

"Shi na kab bi wayoyinmu kana sake lamba?"

"Taki, da ta Kawu, da ta maƙwabta biyu. Su ɗai ka kiranta."

"Shekara biyu, Yaya!"

"Na sani."

"Ba ka sani ba! Duk Juma'a kana ganin tsohuwag ga ta ɗauki tabarma ta hau tudu. Rana, ruwa, azumi, ba ta hwashi. Bara har hwaɗuwa tay yi, kai kad ɗauko ta. Kana gani tana riƙe da layin da ba wanda yas san shi, kay yi shiru?"

"In hwaɗa mata mi? In ce na yashe abu guda da yar rage mata? Ke kina iyawa?"

"Ni da ban yi sakaci ba tun hwarko!"

Ni mai rubutu na san tsoro ne ya sa shi, ba mugunta ba. Amma haushinsa nake ji har wuya, domin 'yan takardu da yini ɗaya ne suka gagare shi, sai ya zaɓi ƙaryar da ya yi ta yi wa gyara har shekara biyu. Shi ya sa duk sanda batir ya mutu shi ke rugawa da wayar, kada wani ya buɗe ta.

Sabo ya rasa inda zai sa kansa, ya hau goge gilashin da ba shi da datti.

Inna ta ajiye sim ɗin a kan teburi, ta ture shi da yatsa kamar ƙwaro ya faɗo mata a abinci.

"Iklima."

"Na'am, Inna."

"Buga lambam Malam."

"An ruhe ta, Inna," Muhsin ya ce daga ƙasa. "Ba ta shiga."

"Ka gwada?"

Bai taɓa gwadawa ba. Tsoron abin da zai ji ya hana shi.

Sabo ya yi gyaran murya.

"Ku yi haƙuri da shiga maganarku. Layi in ya daɗe ba a aiki da shi, ana sake saishe shi ga wani. Mai yiwuwa ta shiga."

Inna ta karanto, Iklima tana dannawa, sai da ta goge ta sake sau biyu. Ta sa a sifika ta ajiye a kan gilashi, tsakanin sababbin wayoyin nan uku.

Shiru.

Sai ta fara ƙara.

Inna ta dafe ƙirji.

Ƙara ɗaya, biyu, uku. A ta biyar aka ɗauka. Muryar mace ce, da hayaniyar yara a bayanta, kuma daga jin Hausarta ba ta wannan yankin ba ce.

"Salamu alaikum, wa ke magana?"

"Amin alaikumus salam," Iklima ta ce. "Don Allah baiwar Allah, wagga lamba ta mahaihinmu ta, Malam Malami na Karaye..."

"Innalillahi! Wai ku mutanen gidan Malami ba za ku bar ni in huta ba ne?"

Iklima ta dubi Inna. Inna ta miƙe tsaye ba tare da sanda ba.

"Ni sunana Raihanatu," matar ta ci gaba cikin faɗa. "Da kuɗina na sayi layin nan, da sunana aka yi rajista, shekara ɗaya da rabi ke nan. Ban san Malami ba, ban san Karaye ba. Na gaya wa ɗan'uwan naku ya fi sau ashirin."

"Wane ɗan'uwa?"

"Wanda yake kira duk Juma'a mana. Ana saukowa daga masallaci sai waya ta yi ƙara, lambar waje doguwa, muryarsa can ƙasa-ƙasa. A ba shi Baba. In ce babu Baba a nan. To a ba shi Inna Gudiya. In ce babu. Wata Juma'ar ya sake kira. Har mijina ya fara tambayata wane ne."

Muhsin ya ɗora hannu biyu a ka.

Inna ta sunkuya dab da wayar, kamar za ta shiga ciki.

"Ɗiyata, ni ta Gudiya. Ya hwaɗi sunanai?"

Da matar ta sake magana, faɗan ya ragu.

"Waliyyu ya ce."

Iklima ta toshe baki da mayafi.

"Shina da rai," Inna ta ce, ba da kowa take ba. "Shina da rai. Lahiya lau kika ji shi?"

"Yana tari wani lokacin, amma yana magana sosai. Mama, ke ce mahaifiyarsa?"

"Ni ta. Juma'ad da ta wuce ya kira?"

Shiru.

"Ɗiyata, kina ji na?"

"Ina ji, Mama. Ya daina kira. Tun bayan babbar salla."

"Domi?"

Aka ji matar ta kori yaran da ke kusa da ita, aka ji ƙofa ta rufe.

"Mama, ki yafe mini, wallahi ban san haka abin yake ba. Ranar ina da baƙi, girki ya ƙone, ga shi ya kira sau uku a jere. Na ɗauka na yi masa faɗa sosai. Sai ya ce tambaya ɗaya zai yi, in na amsa ba zai ƙara damuna ba. Ya ce shi ya san lambar gidansu, ba zai yi kuskurenta ba. In gaya masa gaskiya, Inna ce ta ba ni wayar ta ce in riƙa cewa ba a san shi ba?"

"Kic ce mi?"

"Na gaji ne, Mama."

"Kic ce mi?"

"Na ce eh."

Fankar Sabo ta juya ta dawo, ta sake juyawa.

"Sai ya yi shiru," matar ta ce, yanzu kuka take. "Ya ce, to ki gaya mata na ji, tana da gaskiya, ba ni sake nemanta. Ya kashe. Na ɗauka rigimar gida ce irin wadda aka saba, na ce in na ce eh zai bar ni."

Iklima ce ta fara dawowa hayyacinta. Ta jawo wayar.

"Lambar da yak kira ki da ita, tana nan? Duba muna don Allah."

"Ba lamba ɗaya ba ce, kullum da wata daban, kamar aron waya yake yi. Kuma watan jiya na canza waya, na ba da tsohuwar aka yi mini musanya. Babu ko ɗaya."

"Wayyo Allah. To in ya sake kira, ki ba shi lambata. Ki ce mai ƙarya ta, ki ce mai Inna tana jira."

"Zan faɗa, wallahi zan faɗa. In ya kira."

"Ba shi yarda," Inna ta ce.

Duka suka dube ta. Idonta a bushe yake, ko ɗigo babu, kuma wannan ya fi kukan ban tsoro.

"Ɗana na, na san halinai. In ya ji muryar wagga baiwar Allah, kashewa za shi yi. Ni nic ce kada shi neme ni, da bakina. Sau biyu yana kira ina jin muryatai ga kunnen Malam, nij juya baya. In zuciya ta sa shi ya sake gwadawa ko sau guda, muryata ya kamata shi ishe. Ɗiyata, wane gari kike?"

"Azare, Mama. Jihar Bauchi."

"Kina da wurin da tsohuwa ka shimhiɗa tabarma?"

"Mama... akwai. Ki zo, gidanki ne."

"Na gode. Iklima, riƙe ta ta gaya maki unguwa."

Ta juya ga Sabo, wanda ya daɗe da ajiye tsumman gogewa.

"Cikin ukkun ga, wace ta ka kwana biyu ba caji?"

Ya nuna ta tsakiya, wannan karon bai ƙara ko kalma ɗaya ta talla ba.

"Sa mata layin da kac ce shina kamawa cikin ɗaka. Da sunana za a rubuta shi, ba da sunan kowa ba, ga katina na ɗan ƙasa nan ga Iklima. Ramin sim guda ka bar shi wohi."

"Wanga fa, Inna?" Ya nuna sim ɗin da ta ture.

"Miƙa ma mai shi."

Muhsin yana nan durƙushe inda yake. Ya ɗago, fuskarsa jiƙe sharkaf.

"Inna, Azare ba nan ta ba. Sai an bi Sakkwato, a bi Gusau, a wuce Kano. Ƙahwarki ba ta ɗaukar zaman mota haka. Kuma wata nawa bai kira ba, in munka tahi bai kira ba fa? Bari ni in tahi, in roƙe ta ta ba mu layin, in kawo maki har gida. Ki ba ni sati guda."

"Sati guda," Inna ta maimaita.

Ta sunkuya da kanta, da wannan ƙafar mai ciwo, ta ɗauki makullin motar daga ƙasa. Ta kama hannunsa ta buɗe tafin, ta sa masa a ciki, ta rufe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

"Muhsin."

Iklima ta saki wayar a kan gilashi. Shi kansa sai da ya waiga, kamar wani ake kira a bayansa. Tunda aka haife shi bai taɓa jin yadda sunansa yake a bakin uwarsa ba.

"Jibi Juma'a," Inna ta ce. "Tada mota."